Yadda Ake Kafa Tawagar Masu Aikin Sa-kai Na Kiwon Lafiya a Unguwannin Hausawan Legas

Duk wanda ya zauna a Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago, ko gefen kasuwar Mile 12, ya san cewa ba rashin asibiti ne ya fi damun mutanenmu a Legas ba. A Idi-Araba ma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana nan a tsakiyar jama'a, kuma ƙananan asibitocin gwamnati, inda ake yi wa yara rigakafi kyauta, suna nan a ƙananan hukumomi 20 na jihar. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne 'yar tafiyar da ke tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar asibiti, domin matar gida ba ta jin Yarbanci ko Turanci, maigida ya fita kasuwa tun asuba bai bar izinin fita ba, katin rigakafin yaro kuma an baro shi a Arewa cikin akwatin kakarsa. Aikin ɗan sa-kai shi ne ya raka mutane wannan tafiyar, sa'an nan ya koma ya tabbatar sun isa. Na sha haɗa irin wannan tawaga, wasu sun ɗore wasu sun watse, kuma abin da ke biye shi ne tsarin da na ga ya fi tsayawa da ƙafarsa.

Kayan da ake bukata

Babban kayan aiki shi ne littafin rajista mai bango mai kauri, ɗaya ga kowane ɗan sa-kai, tare da biro biyu da leda mai ƙarfi da za a riƙa naɗe shi, domin ruwan Legas ba ya sallama kafin ya sauko. Bayan shi sai waya mai kati, da tef ɗin awon damtsen yara mai launi uku, da ma'aunin zafin jiki, da fakitin gishirin gudawa wanda aka fi sani da ORS, da ƙwayar zinc, da sabulu, da takardun tura mutum asibiti. Na'urar awon hawan jini mai batir guda ɗaya ta ishi tawaga gaba ɗaya a farko. Haka kuma ana bukatar katin shaida mai hoto wanda jami'in asibiti ya sa wa hannu, da takalmin roba saboda damina.

Idan ba a sami rajista ba, littafin makaranta mai shafi 80 ya wadatar, a ja masa layuka da rula. Idan ba a sami takardar turawa bugaggiya ba, a yanka farar takarda gida huɗu a rubuta suna da dalili da kwanan wata. Tef ɗin awon damtse kuwa a nema a asibiti, kada a ce za a yi amfani da tef ɗin tela, saboda launukan su ne ke sauƙaƙa wa wanda bai saba da lamba ba. Abu ɗaya da ba ya cikin jakar ɗan sa-kai ko kaɗan shi ne sirinji da allura.

Mataki na 1: A fara da asibiti kafin a tara mutane

Kuskuren da masu zumuɗi suka fi yi shi ne su tara matasa, su ɗinka riguna, su fara shiga gidaje, sai daga baya su je asibiti neman haɗin kai. Ka fara zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da unguwarku, ka nemi ganin jami'in da ke kula da shi, ka bayyana masa nufinka, ka tambaye shi ranakun rigakafi da ranakun awon ciki da lokacin da ake rufe karɓar kati. Waɗannan asibitoci suna ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Legas, kuma a tsarin ƙasa kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ke haɗa asibiti da jama'a, don haka ka nemi a sada ka da shugabansa. Ka kuma tambaya ko akwai masu aikin shirin CHIPS a yankin, wato shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 domin irin wannan aiki, saboda kada ku riƙa tuntuɓe da juna a gida ɗaya. Kada ka bar wurin sai an ba ka sunan ma'aikaci ɗaya takamaimai wanda zai riƙa karɓar mutanen da kuka turo.

Mataki na 2: Neman albarkar manya

Daga asibiti sai fadar Sarkin Hausawan yankin, sa'an nan limamai da malaman Islamiyya da shugabannin kasuwa, irin su sarkin fawa idan kusa da mayankar Oko-Oba kake. Kada ka tsaya a kan Hausawa kaɗai, domin gidajen haya na Legas a cuɗe suke, kuma mai gidan sau da yawa Bayerabe ne, saboda haka Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa su ma suna da hakkin a sanar da su. A nan ne ake zaɓen suna, kuma ina ba da shawarar a guji kiran tawagar da 'yan sa-kai kawai, domin ga wanda ya fito daga Zamfara ko Katsina wannan suna yana tuna masa 'yan banga ne. A ce masu aikin lafiya na unguwa ya fi sauƙin shiga kunne.

Mataki na 3: Zaɓen waɗanda za su yi aikin

Kada ka buɗe ƙofa ka ce duk mai so ya zo, domin za ka cika da masu zaton aikin gwamnati ne ya samu. Ka roƙi liman da malamar Islamiyya da ungozomar unguwa kowa ya ba ka sunan mutum biyu da ya amince da su, sa'an nan ka zauna da kowannensu ka gaya masa tun farko cewa babu albashi. Wanda ake nema shi ne mazaunin unguwar da ya daɗe a cikinta, mai riƙe sirri, mai iya rubutu da boko ko ajami, wanda kuma yake jin Yarbanci ko Turancin buroka daidai gwargwado, domin rabin aikinsa a asibiti tafinta ne.

Mata su fi yawa, musamman matan aure da zawarawa masu kamun kai, domin su ne za su iya shiga har ƙuryar ɗaki. Kafin a rubuta sunan matar aure a sami yardar mijinta baki da baki, ba ta hanyar saƙo ba. Ungozoma da wanzami kada a mayar da su abokan gaba, gara a jawo su ciki, domin su ne ke fara sanin an haihu, kuma ranar suna wanzami yana cikin gidan kafin kowa. Mutum takwas zuwa goma sun isa a fara da su, kuma wanda ba ya rubutu amma jama'a na jin maganarsa a haɗa shi da ɗalibi mai rubutu su riƙa fita tare.

Mataki na 4: Horo, da sanin iyakar aiki

Ma'aikacin asibiti ne zai ba da horon, kai naka tara mutane da shirya wuri, kuma ajin Islamiyya bayan an tashi ya isa. A raba shi zama uku ko huɗu gajeru maimakon wuni guda, a kuma taƙaita shi ga abin da za a yi amfani da shi.

Na farko shi ne jadawalin rigakafi, wanda dole kowa ya haddace kamar karatun allo: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sai wata 15. A ranar haihuwa ake ba da BCG na tarin fuka da ɗigon shan-inna da na ciwon hanta. A mako 6 da mako 10 da mako 14 ake yin allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar har da mashaƙo da tarin shiƙa. A wata 9 ake yin ta ƙyanda da ta shawara, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. A watan Oktoban 2023 aka ƙara allurar HPV domin kariya daga sankarar bakin mahaifa, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Legas tana cikin jihohin da aka fara da su.

Na biyu shi ne haɗa ruwan gudawa. Fakiti ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu masu rabin lita, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Idan babu fakiti, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe kansu, da rabin cokalin gishiri a lita ɗaya. Yawan gishiri haɗari ne, don haka kowa ya haɗa da hannunsa a gaban mai koyarwa, ya kuma ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Zinc kuwa ana ba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, ƙwaya ɗaya a rana, rabi ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Na uku shi ne awon damtse ga yara daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. Ana zagaya tef a tsakiyar damtsen hagu ba tare da matsewa ba. Kore lafiya, rawaya a sa ido a kuma tura asibiti, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ba ta jiran gobe. Na huɗu alamomin haɗari: yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, da mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannuwa, ko ta daina jin motsin ɗa.

Sai iyaka, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci. Ɗan sa-kai ba ya allura, ba ya rubuta magani, ba ya cewa ga cutar da ke damunka. Da zarar ya rataya jaka jama'a za su fara kiransa likita, kuma sunan yana da daɗi a kunne. Na taɓa sallamar wani matashi mai ƙwazo saboda na iske ya fara sayo ƙwayoyi a kemis yana sayarwa gida-gida da katinmu a wuyansa, kuma da wani abu ya faru da tawagar gaba ɗaya za a rufe wa ƙofa.

Mataki na 5: Raba gidaje da buɗe rajista

A zana taswirar unguwa a babbar takarda, a sa masallaci da famfo da kwata da kasuwa a matsayin alamomi, a raba wa kowa yankinsa. A Legas iyali ake ƙirgawa ba gida ba, domin gidan haya ɗaya mai ɗakuna a jere suna kallon juna yana iya ɗaukar iyali goma ko fiye. Iyali 25 zuwa 30 sun ishi mutum ɗaya mai sana'arsa ta daban. Kowane iyali ya sami shafinsa, a rubuta sunan maigida da lambar waya, da masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ranar haihuwar kowane, da allurar da ya samu, da garin da suke komawa a Arewa. Idan uwa ba ta san ranar haihuwa ba, a tambaye ta da Sallah ko azumi ko Maulidi, a kimanta daga nan. Rajista amana ce, ba a barin ta a shago ko a ɗauki hotonta a tura zauren WhatsApp.

Mataki na 6: Ziyarar gida

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin hantsi da azahar, bayan an gama aikin safe kuma kafin a ɗora girki. A yi sallama, a jira izini, a gaisa sosai, a tambayi yara da maigida, kada a fito da littafi sai an zauna. Tambayar farko ita ce a ga katin yaro, domin baki yana cewa an yi masa duka, kati kuma yana nuna an tsaya a mako 10.

Na taɓa raka wata 'yar tawagarmu wani ɗaki inda uwa ta ce ba za ta ƙara kai jaririnta ba, domin allurar da aka yi masa ta sa shi zazzaɓi da kumburin cinya, ya hana su barci. Abokiyar aikin ba ta musa mata ba. Ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta ce, Maman Abba, nawa ma haka ya yi, kwana biyu ne ya wuce, ta nuna mata tabon BCG a kafaɗarsa ta ce wannan shaida ce jikinsa ya karɓa. Daga nan ta tambaye ta ko rashin mai raka ta ne, sai ga gaskiya ta fito, ashe a zuwan farko an yi mata tsawa da harshen da ba ta ji ba, ta dawo da kunya. Ranar rigakafi ta gaba tare suka tafi. Sau da yawa dalilin da aka fara faɗa ba shi ne na ainihi ba, sai an yi haƙuri an saurara.

Idan aka kawo maganar cewa rigakafi yana hana haihuwa, jita-jitar da ta sa aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohi a 2003, ko aka tuna gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, kada ɗan sa-kai ya ce ƙarya ne duka, domin na 1996 ya faru, sai dai gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya, ba rigakafin yau da kullum ba. Ya tunatar da su cewa yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau su ne iyaye, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. In maigida ya ƙi, ba a jayayya da matarsa, a rubuta, a koma ta wajen liman ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Yaron da ya tsallake allura ba a sake masa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, kuma wannan bayani kaɗai yana dawo da iyaye da yawa.

Mataki na 7: Isa ga maza

Mazan unguwa ba a samun su a gida, kuma da yawansu 'yan ci-rani ne da ke kwana a shago ko masallaci. A same su bayan sallar Juma'a, ko a teburin mai shayi, ko a rumfar shugaban kasuwa. Awon hawan jini shi ne ke jawo su. Mutum ya zauna minti biyar, ya jingina baya, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, kuma a tambaye shi ko ya ci goro ko ya sha taba cikin rabin awar da ta wuce, domin suna ɗaga awo. A auna sau biyu. Wanda ya kai 140 bisa 90 a ba shi takarda ya je a sake dubawa, wanda ya kai 180 bisa 120, ko yake da ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, a kai shi a ranar. A nan ne kuma ake tambayar tari, domin duk tarin da ya kai mako biyu yana bukatar gwajin majina, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai iyali kuma a yi masa bayanin inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, a nuna masa inda ake rajista.

Mataki na 8: Turawa da bibiya

Takardar turawa ba ta gama aiki ba. Duk wanda aka tura a sa masa alama a rajista, bayan kwana biyu a koma ko a buga waya a ji ko ya je da abin da aka ce masa. Don gaggawa kowa ya haddace 767 da 112, lambobin agajin gaggawa na Legas, amma saboda cunkoson hanya a tanadi lambar mai Keke Napep ɗaya ko biyu a unguwa waɗanda suka yarda a tashe su da dare.

Abin da ya bambanta aikin Legas da na gida shi ne yawan tafiya. Kafin Babbar Sallah da farkon damina iyalai suna komawa Arewa, mata da yawa kuma suna tafiya wankan gida bayan haihuwa, wanda yake cinye daidai makonnin allurar Penta. Saboda haka mako biyu kafin irin wannan lokaci a zagaya a tambayi masu shirin tafiya, a tabbatar katin yana cikin kaya, a ɗauki hotonsa a wayar maigida, a kuma gaya wa uwa cewa katin Legas yana aiki a kowane asibitin gwamnati a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. A rubuta ranar allura ta gaba, in ta zo a buga mata waya can.

Mataki na 9: Damina da ɓarkewar cuta

Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa yana cika kwatoci ya shiga rijiyoyi, kuma a watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas. Tun kafin ruwa ya kankama a zauna da masu tura ruwa a kura, waɗanda yawancinsu 'yan uwanmu ne, a yi maganar wanke jarkoki da inda suke ɗebowa, a kuma tunatar da gidaje tafasa ruwan sha da kwana cikin gidan sauro. Idan aka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya da amai da gudawa kamar ruwan shinkafa, ko yaro da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a sanar da asibiti nan take, ko a kira 6232, layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a kuma fara ba masu gudawar ORS kafin a isa. Legas ta ga amfanin saurin sanarwa a 2014, lokacin da Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola barin asibiti, aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da shi gida-gida, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Ɗan sa-kai ba ya yaɗa labarin annoba a waya, jami'in asibiti kawai yake gaya wa.

Mataki na 10: Riƙe tawagar

Tawaga ba ta mutuwa rana ɗaya, zamewa ake yi ɗaya bayan ɗaya idan kuɗin mota da na kati suka fara fita daga aljihun mai aiki. A kafa ƙaramin asusu daga gudummawar masallaci da 'yan kasuwa, mutum biyu su riƙe shi, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. A yi hattara da kuɗin ɗan siyasa a lokacin zaɓe, domin ranar da aka ga hotonsa a rigarku rabin gidajen za su ɗauke ku 'yan kamfe.

A riƙa zama sau ɗaya a wata tare da ma'aikacin asibiti, kowa ya zo da rajistarsa, a ƙirga yaran da suka cika allura da waɗanda suka tsallake da masu cikin da suka fara awo, a kuma ba kowa dama ya faɗi gidan da ya gagare shi. Kada aikin ya wuce yini biyu a mako ga mutum ɗaya. Liman ya ambaci sunayensu a yi musu addu'a lokaci-lokaci, asibiti kuma ya ba su takardar shaidar aiki, wadda take amfanar matasa masu neman shiga makarantar koyon aikin lafiya. Wanda zai bar aiki, ko don aure ko don komawa gida, ya ba da sanarwar wata guda, ya zagaya da magajinsa ɗaki-ɗaki ya gabatar da shi da bakinsa, sa'an nan ya miƙa masa rajista da katin shaida a gaban shugaban tawaga.